Matar da Ke Jira a Bakin Turmi

Kakarmu, wadda muke kira Iya, turaren wuta take haɗawa ta sayar. Kakanninta daga Barno suka zo Kano, kuma sana'ar ce kaɗai ta rage mata daga can, sai wasu 'yan kalmomin Barbarci da take zaginmu da su idan mun ɓata mata rai. Don haka wutar da muke zagayewa a gidanmu na Zaitawa ba ta murhu ba ce. Kasko ne na garwashi, tana ajiye shi a bakin ƙofar ɗakinta bayan sallar magariba, tana barbaɗa sabon haɗi kaɗan-kaɗan don ta ji ko ya yi. Mu jikoki muna tabarma, hayaƙin sandal da kajiji yana shiga mana ido, ita kuma tana ba mu tatsuniya har a kira isha'i. Har yau idan na wuce gidan da aka sa turare, sai in ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Ba zan iya cewa daɗi ne ko fargaba ba. Ina jin duka biyun ne.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta kira sunan kowa ya amsa. Idan mutum ɗaya bai zo ba, sai a jira shi. Kuma wadda aka fi jira ita ce ƙanwata Nafisa, domin komai a hankali aka ce ta yi.

Nafisa tana da sikila. A lokacin ban san ma'anar kalmar ba, dokokin kawai na sani: kada ta yi wanka da ruwan sanyi, kada ruwan sama ya taɓa ta, kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta yi gudu. Idan ciwon ya tashi, kukan da take yi ban taɓa jin irinsa a bakin kowa ba. Takan ce ana kirɓa mata ƙashi a turmi. Wata rana kuma, a gidan suna, na ji wata mata tana gaya wa wata cewa irin waɗannan yaran ba sa daɗewa. Nafisa tana riƙe da hannuna a lokacin. Na so in yarda ba ta ji ba, amma na ji yadda ta matse mini yatsu.

A wata damina yayanmu Kabiru ya dawo hutu daga makarantar kwana da sabon Turanci. Ba Turancin littafi ba ne, na tsawa ne, irin wanda manyan ɗalibai suke kora ƙanana da shi. Ina jin ya sha shi a can har ya gaji, shi ya sa ya zo ya sauke a kanmu. Idan ya aike ka kanti, sai ya tafa hannu ya ce, "Double up!" Idan ka waiwayo, ya ce, "Full speed!" Ya yi mana bayani cewa na farkon yana nufin ka ninka saurinka, na biyun kuma ka ƙure maleji. Akwai na uku, wanda muka fi tsoro kuma muka fi so. Yakan tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, "Last person!" Duk yaron da ke gidan sai ya yar da abin da yake yi ya taho a guje, wanda ya zo ƙarshe shi zai wanke masa takalma.

Abin mamaki, Umma takan ce mana "maza-maza" sau goma ba mu motsa ba. Amma da an faɗa da Turanci, sai ƙafafunmu su yi fiffike.

Iya ba ta ga abin burgewa a ciki ba. "Kai mai Turanci," ta ce masa wata rana, "wannan dabal-dabal ɗin shi kaɗai aka koya muku? Ba a koya muku yadda ake cewa mutum ya zauna ba?"

"An koya mana mana, Iya. Sit down ake cewa."

"To, sidon. Ka ishe mu."

A yi masa adalci, tun ranar farko ya cire Nafisa daga wasan. "Ban da ke," ya ce mata. "Ke alƙaliya ce, ki zauna ki faɗi wanda ya zo ƙarshe." Ya yi ne don kirki. Ban lura ba a lokacin, amma yanzu ina ganin babu abin da ya fi yi mata ciwo kamar wannan "ban da ke" ɗin. Ta sha jin sa a bakin kowa.

Ranar da abin ya faru, muna dawowa daga Islamiyya bayan la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Yaya Kabiru yana tsaye a bakin lungunmu, an turo shi ya taho da mu. Da ya ga iska ta taso, ya tafa hannu. "Full speed! Last person zai wanke takalma!" Ban ɗauka ya tuna Nafisa tana cikinmu ba. Muka kwasa. Ruwa ya sauko muna tsakiyar lungu, irin mai manyan ɗigo da zafin duka. Da na faɗa soro na juya, sai na gan ta. Tana gudu, hijabinta ya manne mata a jiki, bakinta a buɗe, ta wuce ɗaya daga cikin 'ya'yan kawunmu. Ta shigo tana haki tana dariya.

"Yaya Kabiru, ba ni ce last ba! Wallahi ba ni ce ba!"

Na ga fuskarsa ta canza.

Ba na so in ɗora wa kowa laifi. Na yi karatu a kan ciwon daga baya, na tambayi masu sani, kuma babu wanda ya iya ce mini gudun ne, ko ruwan ne, ko kuwa dama lokacin tashinsa ne ya yi. Abin da na sani shi ne, kafin magariba ta daina dariya. Wannan karon ba a ƙafa ya kama ta ba, a ƙirji ne. Ba ta ma iya kuka, sai wani ɗan sauti kamar na mage. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka Baba ya saɓe ta a kafaɗa ya fita da ita titi, Umma tana binsa da mayafi a baibai.

Babu wanda ya zaci za a yi tatsuniya a ranar. Amma bayan magariba Iya ta fito da kaskonta. Ba ta sa turare ba, kuma ba ta kira sunan kowa ba. Wannan ya tsorata ni fiye da komai. Yaya Kabiru yana can jikin randa ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai mai Turanci, matso," ta ce. Sannan ta dube mu. "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya."

"Ta shigo, Iya," muka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce an yi wata yarinya a gindin ganuwa, sunanta Kande, wadda duk unguwar babu mai saurin dakanta. Ga mai karatun da bai sani ba, bari in ɗan yi bayani: idan mata biyu suka haɗu a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga, shi ake kira lugude. Ba ƙarfi ne yake yin sa ba, kunne ne. Kowace tana sauraron 'yar'uwarta. To, Kande ba ta sauraron kowa. Da an fara sai ta ƙara wuta, ta ƙara, har taɓare su gwabza, wata ta tashi da kumburin hannu. A hankali mata suka daina kama mata daka.

Wata rana aka kawo mata gero mai yawa na biki, rana ta yi sanyi ba ta ci rabi ba. Uwarta ta ce ta bari sai gobe, ba a daka idan magariba ta kawo kai. Kande ta ce, "Ni yau ko waye ya zo, zan yi lugude da shi, kuma sai na kayar da shi."

Iya ta tona garwashi da tsinke.

"Sai ga wata mata ta shigo. Ba ta yi sallama ba. Doguwa, ta ja mayafi ta rufe fuska, da taɓaryarta a hannu. Ta ce, 'Sannu da aiki, 'yan mata. In kama miki?' Kande ta ce, 'In za ki iya.' Matar ta ce, 'Zan iya. Amma sharaɗi ɗaya. Wadda ta fara tsayawa, ita za ta shiga turmin.'"

Kande ta yi dariya ta yarda. Aka fara. Iya tana buga tafin hannunta a cinya, tim, tim, tim, tim. Kande ta ƙara sauri, matar ta ƙara. Ta sake ƙarawa, matar ta ƙara. Taɓare ba su gwabza ba ko sau ɗaya. Nan Kande ta lura da wani abu. Duk mai daka tana nishi idan ta sauke taɓarya. Wannan matar ba ta nishi. Mayafin da ke kan bakinta ko motsi ba ya yi.

Gero ya zama gari. Gari ya tashi ya bi iska. Turmi ya zama wayam, suna dukan itace, gindinsa ya ɗau zafi har ya fara hayaƙi. Tafin hannun Kande ya fashe, jini yana bin taɓarya. Ta so ta kira uwarta, babu numfashin kira. Ta ba da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, ta ranto wanda ba ta da shi, matar tana nan daidai da ita. Ta leƙa cikin turmin, sai ta ga ba shi da gindi kuma, rami ne baƙi.

Hannun Iya yana ta sauri a cinyarta, ni kuma zuciyata tana binsa. Sai kawai ta tsaya. Aka kira isha'i.

"Sai me ya faru, Iya?" wani ya tambaya.

"Ku tashi ku yi alwala."

"Iya, don Allah! Ta shiga turmin?"

"Sai Nafisa ta dawo. Ni ba na ƙarasa tatsuniya da gurbin mutum a tabarma."

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ta yi mana haka. Yara ne mu, a tsorace muke, ta ƙara mana wani tsoron. Wataƙila ita ma tsoron take ji, kuma ba ta da wata hanyar faɗa. Wataƙila alkawari take ɗaura wa kanta cewa yarinyar za ta dawo. Ban tambaye ta ba har ta rasu.

Abin da ya biyo baya a kaina, ban gaya wa kowa ba a lokacin. Na sa a raina cewa Kande tana can tana daka, kuma ranar da hannunta ya gaza, ranar Nafisa za ta mutu. Na san tatsuniya ce. Sanin bai hana komai ba. Da safe idan maƙwabta suka fara daka, sai in tsaya cak ina saurare, idan suka tsaya su huta, in ƙagu su ci gaba. A sujada, bayan na roƙa wa Nafisa lafiya, nakan ƙara a ɓoye, "Allah ka ƙara wa Kande ƙarfin hannu." Sai kuma in ji tsoron ko na yi saɓo, in yi istigfari.

Yaya Kabiru ya daina Turanci ɗungurum. Shi yake kai abinci asibiti a ƙafa, ba a barinsa ya shiga ɗakin, sai ya zauna a waje har Umma ta fito da kwanuka. Wata rana da hantsi Baba ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a soro yana magana da kawunmu ƙasa-ƙasa. Na ga Iya ta dafa bango. Ashe jini ake nema za a ƙara mata. Yaya Kabiru ya fito ya tsaya a gaban Baba.

"A ɗebi nawa. A ɗebe duka."

"Kai yaro ne, ba za su karɓa ba."

"Baba, ni na ce su yi gudu."

Baba ya dube shi. "Na sani," ya ce. "Je ka kira mini Malam Sani mai shago, ka ce ina nemansa. Kuma tafiya za ka yi, ba gudu ba."

Ban san kwana nawa ta yi ba. A wurina kamar damina guda ce. Ranar da aka sallamo ta, ta shigo lungu da ƙafarta, Umma tana riƙe da ita, suna tafiya suna hutawa. Ta rame har kunnuwanta sun yi girma. Da magariba aka shimfiɗa mata bargo kusa da kasko, Iya ta barbaɗa turare, ta fara kiran suna. Da ta zo kan "Nafisa", muryarta ta ɗan karye. Nafisa ta ce, "Na'am, tsohuwa." Iya ta ce, "Ji 'yar banza, an ƙara mata jinin mai shago ta dawo da baki."

Ta maimaita mata labarin daga farko, a taƙaice, har zuwa ramin. Sannan ta ci gaba.

Ta ce hannun Kande ya mutu. Ba da niyya ba, taɓaryarta ta yi jinkirin sauka, ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido. Ta runtse ido tana jiran a jefa ta. Ba abin da ya faru. Matar ta jira ta. Kande ta sake jinkirtawa, matar ta sake jira. Sai a lokacin ta gane cewa tun farko matar ba ta taɓa wuce ta ba, bin ta kawai take yi. Duk saurin nan, Kande ce take kawo shi.

Sai ta rage. Ta rage har tana iya numfashi tsakanin bugu da bugu. Ta rage har tana iya shan ruwa. Ta rage har ta sauke taɓarya, ta je ta yi salla, ta dawo ta tarar matar ta sauke tata tana jira.

"Sai matar ta gaji ta tafi?" na tambaya. Shi nake so in ji.

"Ina fa, Malama Tsoro. Irin wannan ba ta tafiya. Tana nan a bakin turmi, da mayafinta. Kande dai kullum da safe sai ta zo ta sauke taɓarya sau ɗaya, ta tafi harkarta. Ba ta tsaya ba, balle a ce ta karya sharaɗi. Ba ta kuma sake yin tsere ba."

Ni ban ji daɗin wannan ƙarshen ba, domin an bar mini matar a tsakar gida. Nafisa ce ta yi magana daga cikin bargo.

"Iya, ta yi aure?"

"Ta yi, har da 'ya'ya."

"Ta tsufa?"

Iya ta dube ta ta cikin hayaƙi. "Ta tsufa har ta fi ni muni. Haƙori ɗaya ya rage mata, da shi take tsorata jikoki."

Nafisa ta yi dariya har ta yi tari. Iya tana da kalmomin da take rufe tatsuniya da su, amma ranar ba ta faɗe su ba. Ta ɗauki kaskonta kawai ta shiga ɗaki.

Yanzu Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata, shi na karanta a jami'a. Duk shekara akwai makon da nake zuwa kan irin waɗannan maganganu. Nakan rubuta su a allo: flat out, at full tilt, all out, at breakneck speed. Nakan ce musu mu ma muna da namu, ka'in da na'in, ba ji ba gani, gudun ceton rai. Ina koyar da su yadda ya kamata, domin suna fitowa a jarrabawa. Amma kusan kullum sai na ƙara da cewa ba kowane jiki ne yake ɗaukar abin da baki ya faɗa ba. Yaran sukan yi dariya. Wata ta taɓa ce mini, "Malama, ke ko titi za ki tsallaka sai kin yi istihara." Ban musa ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin Iya shi ne a bi komai a hankali, kuma ina jin na riƙe shi har ya wuce misali. Nafisa ba haka ta ji ba. Tela ce yanzu, tana da shago a wajen Kabuga da yara masu koyo a ƙarƙashinta. Idan azumi ya raba, ɗinkin salla take yi ba ɗaga kai. Ni kuma in je in tsaya a kanta ina lissafa mata abin da zai iya faruwa. Bara ta gaji da ni, ta tsayar da keken.

"Yaya Maryam, ke 'a hankali' kika ji a tatsuniyar nan. Ni 'kada ki tsaya' na ji. Iya ba ta ce Kande ta ajiye taɓarya ba."

Sai daga baya na lura da abin da tsoro ya hana ni gani: gorar ruwa ba ta barin gefen kekenta, da hadari ya haɗo take sa safa da rigar sanyi, kuma akwai wani yanayi da idan ta ji shi a gwiwarta, ko ɗinkin wa ke kan keke, rufe shago take yi. Ta san bugun matar nan fiye da yadda zan taɓa saninsa. Ba wai ta rabu da asibiti ba ne. Har yanzu ana kwantar da ita, kuma har yanzu idan wayata ta yi ƙara na ga sunanta, sai na yi bisimilla kafin in ɗauka. Mai yiwuwa kowaccenmu rabin tatsuniyar ta ɗauka. Mai yiwuwa kuma Iya ba darasi take ba mu ba, hanya take nema ta gaya wa yarinya gaskiyar ciwonta ba tare da ta kashe mata zuciya ba. Ban tabbata ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo gidana in taya ta tsifa. Tana zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyina, tana ba ni labarin wata da ta kawo mata ɗinki ta canza ra'ayi bayan an yanka atamfa. Ina cikin warware kitson gefen kunnenta na hagu, sai hannuna ya tsaya.

"Mene ne? Kwarkwata kika gani?"

"Furfura," na ce.

"A kan wa? A'uzubillahi! Ni da ko arba'in ban kai ba. Cire mini ita maza kafin maigidan ya gani."

Na kama ta da yatsu biyu. Guda ɗaya ce, fara tas, ta fi sauran gashin kauri. Na kasa ja. Ta ɗan juyo. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Can ta ɗaga hannu ta riƙe nawa.

"Tsaya," ta ce. "Kar ki cire. Miƙo mini madubi."